Godiya ga duk wanda ya tsaya min har na koma da'ira

Assalamu alaikum jama'a. Tunda aka tashi daga gasa wayata ba ta huta ba, saƙo kan saƙo kira kan kira, wasu ma har yanzu ban samu na buɗe ba, shi ya sa na ce bari in rubuta guda ɗaya a nan kowa ya gani, wanda ban amsa masa ba don Allah ya yi haƙuri wallahi ba share shi na yi ba. Alhamdulillah na koma da'irar da muke tsayawa mu yi jifa, na yi jifan guduma a gasa karo na farko tun bayan aikin da aka yi min a gwiwa, na samu shiga cikin takwas ɗin da ake ƙara wa jifa uku na ƙarshe, kuma na fito daga kejin ragar nan da ke kewaye da da'irar da ƙafata ba wanda ya riƙe ni. Ban hau mumbari ba, ban kai nisan da nake kaiwa kafin rauni ba, amma ni na san abin da ranar take a wajena.

Da yawa cikin masu zuwa duba ni lokacin da nake kwance suna tambaya wai me ya haɗa jifan guduma da gwiwa, ai aikin hannu ne. Gaskiya hannu shi ne mafi ƙarancin aiki a wasan nan, riƙo kawai yake yi. Gudumar mata kilo 4 ce, ta maza kilo 7.26, dunƙulen ƙarfe ne a ƙarshen waya da mariƙi, kuma duk abin da za ki yi a cikin da'ira mai faɗin mita 2.135 za ki yi shi. Za ki wulwula ta a saman kai sannan ki shiga juyi, uku ko huɗu, ga mu masu jifa da dama ƙafar hagu ba ta barin ƙasa sam, diddige ya fara sai gefen ƙafa sai tushen yatsu a sake komawa diddige, ta dama ce ke tashi tana sauka, kuma duk juyi gudu ƙaruwa yake gudumar tana janki waje ke kina zaune a kan gwiwar hagu kina ja baya. To wannan gwiwar ce jijiyarta ta tsinke min a tsakiyar juyi. Wanda ya san wasan ya san idan aka ce wa mai jifa gwiwar hagu to kusan komai aka taɓa mata.

Godiyata ta farko bayan Allah ga Umma da Baba. Umma ku kuka kwana a kan kujera a gefen gadona, ku kuka riƙa ɗaga min ƙafar nan ku gyara matashi a ƙarƙashinta duk sanda zogi ya hana ni barci, kuma na sani tun farko hankalinku bai taɓa kwanciya da wasan nan ba, amma ko sau ɗaya ba ku ce min ai ga irinta nan ba. Baba kuma ba ku da yawan magana, ranar da na ce anya kuwa zan koma abin da kuka ce kawai shi ne a bari likita ya gama nasa tukuna. Allah ya ja da ranku, Allah ya saka muku da aljanna. Yaya kai ma na gode, kai ka riƙa kai ni asibiti kana dawo da ni ga naka aikin na jiranka ba ka taɓa ɓata rai ba.

Likitan da ya yi min aiki da duk ma'aikatan jinya na ɗakin, Allah ya ƙara basira. Sai fisiyo ɗina, wato mai gashi da motsa gaɓɓai bayan aiki, Anti, ke kam ban san ta ina zan fara ba. Mutane suna ganin ranar gasa ne kawai, ba su ga ranar da kika kwantar da ni rubda ciki kika kama agarata kina lanƙwasa gwiwar a hankali ina cizon tawul hawaye na zuba ba, ki tsaya daidai inda ta ƙage ki ce numfasa, ki ƙirga, sannan ki ƙara ɗan kaɗan, ki ɗauko ma'aunin nan naki ki auna ki rubuta a littafi. Cinyar hagu ta zube har ina jin kunyar kallonta, ke ce kika sa ni matse ta ina kwance, daga nan tsayuwa da ƙafa ɗaya, daga nan keke, kuma duk sanda na matsa a bar ni in gwada juyi sai ki ce ba yanzu ba. Na ji haushinki a lokacin sosai, yau kuwa addu'a nake miki.

Koci, Allah ya saka da alheri. Malam ba ku bar ni na yi nisa da filin ba ko lokacin da nake dogara sanduna, kuka ajiye min kujera a bayan raga kuka ce in riƙa kallon ƙafafun yara ina faɗa muku abin da na gani. Da aka ba ni izinin takawa kuka mai da ni farko kamar wadda ta zo jiya, juyi ba guduma, sannan da sanda a kafaɗa, sannan guduma mara nauyi, kuma ku ne kuka fara gane cewa gwiwar ta warke saura tsoro, don duk sanda na zo juyi na uku sai in miƙe tsaye in saki tun lokaci bai yi ba. Ba ku yi min tsawa ba, cewa kuka yi mu koma juyi biyu har jiki ya yarda da ƙafar.

Akwai kuma wadda ba ta san da ni a duniya ba, da wuya ma ta taɓa ganin rubutun nan, amma idan ban gode mata ba saƙon bai cika ba, Anita Włodarczyk ta ƙasar Poland. Duk mai jifan guduma ya san sunan, ni ma na sani tun da, amma sanin lambobin zinare na yi mata. Sai da na kwanta abokiyar atisayena ta riƙa turo min bidiyoyinta ɗaya bayan ɗaya sannan na bi tarihinta daga farko, kuma abin da ya riƙe ni a ciki shi ne yawan lokutan da jiki ya kayar da ita ta tashi ta dawo.

Ku duba 2009 a Berlin, gasar duniya, a gaban 'yan kallon Jamus da suka zo goyon bayan tasu Betty Heidler. Anita ta jefa mita 77.96 ta kafa sabon tarihin duniya, tana tsallen murna ta ji ciwo a idon sawu, amma ba wadda ta kamo ta, da raunin ta karɓi zinarenta. Shekara na zagayowa a Bydgoszcz ta ƙasar Poland ta ƙara nisan zuwa 78.30. Heidler ta ƙwace tarihin a 2011 da 79.42, Anita ta bi shi har ta dawo da shi a 2014, a Berlin ɗin dai, da 79.58. Sai ranar 1 ga Agusta 2015 a Cetniewo, can Poland, ta jefa 81.08, mace ta farko da ta taɓa haye mita 80. Na kalli bidiyon jifanta har ban san adadi ba ina kwance ƙafa a ɗaure, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda take shiga juyin farko a natse ba gaggawa, hannaye a miƙe, kai bai riga guduma ba, gudun sai a na uku da na huɗu yake fitowa, kuma tana gamawa tana tsaye daram a cikin da'ira.

A 2016 ta ci zinaren Olamfik a Rio da 82.29, tarihin duniya, mako biyu bai cika ba ranar 28 ga Agusta a Warsaw ta jefa 82.98. Shekarar ce kuma aka soke sakamakon Tatyana Lysenko ta Rasha na Olamfik ɗin Landan 2012 bayan an sake gwada samfurinta an samu ƙwayoyin ƙara kuzari, zinaren ya dawo hannun Anita da aka ba azurfa a wancan lokacin, haka ma na gasar duniya ta 2013 a Mosko daga baya ya dawo mata. Wannan abin yana min ciwo gaskiya, don lambar za a iya aiko miki da ita bayan shekaru amma ranar da ya kamata a buga taken ƙasarki a cikin fili cike da mutane ta wuce, ba mai dawo miki da ita. Duk wanda ya sha ƙwaya ya shiga da'ira ba kansa kaɗai ya cuta ba.

Inda labarinta ya haɗu da nawa shi ne 2019, aka yi mata aikin gwiwa, gasar duniya ta Doha ta wuce ta tana jinya, shekarunta sun haura talatin, mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan an gama. Ta canja koci, ta sake gini daga ƙasa, a Olamfik ɗin Tokyo da aka yi a 2021 ta jefa 78.48 ta ci zinare, ta zama mace ta farko da ta lashe wasa guda na guje-guje da tsalle-tsalle na mutum ɗaya sau uku a jere a Olamfik. Bayan nan ma jarabawa ba ta ƙare ba, a 2022 ɓarawo ya taɓa motarta ta bi shi ta kama shi, a nan tsokar cinyarta ta yage aka sake yi mata aiki sauran kakar ta tafi gaba ɗaya. Ta kuma dawowa. A Faris 2024 saura kwana biyu ta cika shekara 39 ta jefa 74.23 ta zo ta huɗu, Zhao Jie ta Sin ta ɗauki tagulla da 74.27, santimita huɗu kacal tsakaninsu, Camryn Rogers ta Kanada ce ta ci zinaren. Wallahi wannan na huɗun ya fi taɓa min zuciya a kan zinare ukun, don na san irin safiyoyin da mutum ke tashi jiki na ciwo kafin ya kai kansa can.

Sai maganar safar hannu. Kamila Skolimowska 'yar ƙasarsu ce, ita ta ci zinaren farko na jifan gudumar mata a Olamfik, a Sidni shekarar 2000 da aka fara sa wasan, tana da shekara 17. A watan Fabrairun 2009 ta rasu a sansanin atisaye a Fotugal sakamakon gudan jini da ya toshe mata jijiyar huhu, tana da shekara 26, watanni kaɗan kafin gasar Berlin ɗin nan. Anita da safar Kamila ta riƙa jifa a manyan gasanni har da Rio, kuma 81.08 da 82.98 ɗin nan duka a gasar tunawa da Kamila ta jefa su. Ranar da na karanta wannan na kira abokiyar atisayena muka daɗe a waya kowa na share hawaye.

Ke abokiyar tawa, ƙawata, na gode. Ke kika riƙa goge min guduma kina duba wayar kar ta yi tsatsa ko ta lanƙwashe duk tsawon lokacin da ba na nan, ranar gasa kuma ke kika ɗaure min safa don hannuna rawa yake na kasa. Muna fafatawa a gasa ɗaya kin fi ni nisa, amma da na yi jifan farko ya sauka cikin layi aka ɗaga farar tuta ihunki na fara ji kafin na kowa. Sauran 'yan ƙungiya maza da mata, masu jifan faifai da masu mashi da masu dalma da suka bar nasu ɗumin jikin suka zo bayan raga suna tafa min, da ƙananan yaran da ke ɗebo mana guduma daga fili a atisaye, duk na gan ku Allah ya bar zumunci.

Ina godiya ga alƙalan gasa da masu awo da suka wuni a rana, da mai kula da filin da ya share da'irar ya busar da ita kafin mu shiga, mai jifa kaɗai ya san darajar busasshiyar da'ira balle mai sabuwar gwiwa. Waɗanda suka haɗa hannu aka biya kuɗin aiki da na fisiyo, wasu sun roƙe ni kar in ambace su kuma ba zan ambata ba, wasu ma ban san su ba ta intanet kawai suka ga labarin suka taimaka, Allah ya san ku, ya biya muku buƙatunku duniya da lahira ya sa ku same shi a mizani.

'Yan matan da suka turo min saƙo suna son fara wasan, na gani kuma zan amsa wa kowa in sha Allah, abu ɗaya kawai nake roƙo don Allah kar wadda ta ɗauki guduma ta je ta gwada ita kaɗai ba keji ba koci, ƙarfen nan idan ya kuɓuce yana kisa, ku nemi inda ake koyarwa yadda ya kamata. Ni kuma Anti ta ba ni hutun 'yan kwanaki gwiwar ta sauka don ta ɗan kumbura bayan gasa, ta ce ba abin damuwa ba ne, daga nan mu koma atisaye da Malam mu ci gaba da gyaran juyi na huɗu. Ku ci gaba da sa ni a addu'a. Na gode, na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri.