Gobe war haka kana ina? Maganar will be da will have

Mu dai Hausa ta sangarta mu a wajen maganar abinda zai faru nan gaba wallahi. Tela zai ce maka "kafin jajibere na gama ɗinkin" alhali ko almakashi bai sa wa shaddar ba, kuma ba wanda zai ce ya yi kuskuren magana, cika alƙawarin kuma wannan zance ne daban. "Na gama" ɗin da kake faɗa kan aikin jiya shi dai za ka faɗa kan na jibi. Haka "gobe war haka ina hanyar Kaduna", babu "za" a ciki amma kowa ya san gobe ake nufi. Toh Turanci bai yarda da haka ba, a irin maganar telan nan sai ka sa will dole, shi yasa zaka ga yaro ya turo maka a WhatsApp "before you come I have finished", ka san Hausa ya yi da kalmomin Turanci.

Abinda nake gaya wa ƙannena shine ka ɗauki kanka ka ajiye a lokacin da ake magana a kai, ƙarfe 7 na yammar gobe misali, sai ka duba aikin, ana tsaka da shi ne ko an riga an gama? In ana tsaka da shi, future continuous kenan, will be sai aikatau mai -ing. At 7 tomorrow we will be eating, wato ƙarfe 7 muna cikin cin abinci. In kuma an gama an wanke hannu, future perfect, will have sai siga ta uku ta aikatau. By 7 we will have eaten. Eaten fa, ba ate ba, gone ba went ba, anan mutane da yawa ke zamewa saboda ba'a haddace sigar ukun ba.

Kuma ka lura da at da by ɗin nan don su ke tona amsa a tambayoyin cike gurbi irin na WAEC da JAMB, da ka ga "by this time next year" ko "by Friday" toh yawanci will have ake nema, ba sai ka tsaya dogon tunani ba.

Tarkon da yafi kama mutane kuma shine bayan by the time, when ko before ba'a sa will. By the time you arrive, I will have left. Ba "you will arrive" ba, duk da zuwan naka ma bai faru ba, haka dai suke faɗa. Sannan irin su know da belong basa son -ing, "I will be knowing" ba Turanci bane.

Wanda ni yafi burge ni shine yadda ake roƙo da future continuous cikin ladabi. Kana son aron motar yayanka, in ka ce "will you use the car tomorrow?" zai iya jin kamar umarni ko neman wani abu kai tsaye, amma "will you be using the car tomorrow?" tambayar shirinsa kawai kayi, shi da kansa zai gane inda ka dosa ya miƙo makulli, ko ya ce babu mai.