Malam buɗe mana littafi, a ɗakin ƙasa a Leipzig

Watana uku da zuwa Jamus na yi ɓarnar da ta haɗa ni da wata tsohuwa maƙwabciyarmu, kuma wlh duk akan malam-buɗe-littafi ne.

A Oktoban 2021 na biyo maigida, bayan na je Legas na rubuta jarabawar Jamusanci ta matakin farko, A1, da suke nema kafin biza, ina ta ganin kaina wai na iya Jamusanci, ina sauka na gane ko burodi ban iya saya ba. Ga sanyi ga duhu, a Disamba ƙarfe huɗu na yamma gari ya rufe, la'asar da magariba kaman a haɗe suke. Maigida ya fita aiki tun asuba, ni kaɗai a bene na uku, ba mai sallama ba mai leƙowa ya ce ya kwanan baƙunta, ni da na taso a gidan yawa a Zariya inda ko atishawa kika yi sai mutum biyar sun amsa miki.

Toh ranar nan a Janairu na sauka ɗakin ƙasa, wanda suke kira Keller, kowane gida da ɗan kejinsa na ajiye tarkace, zan ɗauko akwati sai na ga wani abu baƙi manne a jikin katako kaman busasshen ganyen da ya ƙone. Na sa yatsa na taɓa, kawai ya buɗe fukafukai da wani ɗan sauti fuuu kaman maciji, sai ga ja ga idanuwa huɗu manya masu shuɗi suna kallona. Na ja baya da salati. Sai kuma na ji bakina da kansa yana cewa malam buɗe mana littafi, abinda ban faɗa ba ya fi shekara ashirin.

Duk wanda ya taso a wajenmu ya san wannan. Da damina in suka cika bakin rijiya inda ƙasa ke da danshi, mu yara muna binsu muna roƙo, shi kuma yana zaune yana buɗewa yana rufewa kaman mai duba shafi, daga nan sunan ya fito ai, ba sai an je nesa ba. Ni kuma nawa ya ɗan fi haka, don Malam muke kiran mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma littattafansa irin na warwara ne da ake ɗaurewa cikin gafaka, in ya kwance igiyar bayan asuba ba mai motsi a zauren. Har na kai shekara shida ina zaton da shi ake, wai ƙwaron ɗan aikensa ne. Yayyena sun daɗe suna min dariya.

Shi ne tausayin ƙwaron nan na Keller ya kama ni, na ce wannan bawan Allah sanyi zai kashe shi, na lallaɓa na sa shi a tafin hannu na hau da shi sama na ajiye kusa da hita. Minti goma ya farfaɗo ya fara dukan gilashin taga. Ina murna na ceci rai. A matakala na haɗu da tsohuwar bene na ƙasa, wacce tunda na zo bata taɓa ce min komai ba sai ranar da na zuba kwalba a kwandon takarda, na nuna mata hoton a waya ina washe baki. Matar nan ta dafe kai ta dinga zuba Jamusanci, abinda na tsinta kawai shi ne nein da kalt, wato a'a da sanyi. Ta biyo ni har ɗaki da kwalin takalmi, karo na farko da wani Bajamushe ya taka gidana.

Sai da maigida ya dawo ya fassara. Ashe barci yake yi. Irinsa sunansa Tagpfauenauge, wato idon ɗawisu, yana laɓewa a ɗakin ƙasa ko ƙarƙashin rufi ya kwana har hunturu ya wuce, in kika ɗumama shi ya farka zai ƙone ɗan kitsen da ya tara, ga ba fure a waje, sai ya mutu. Muka maida shi cikin kwalin, ta huda ƙofa a gefe, muka ajiye a inda ya fi sanyi. Kunya kaman in nutse.

Amma daga nan muka fara gaisawa, har ta kira ni shan kofi. Ita ta gaya min asalin Schmetterling, sunan malam-buɗe-littafi da Jamusanci, kalmar da ta fi ƙarfin harshena. A yankinsu na gabas tsofaffi na kiran saman madara Schmetten, wanda ake kaɗawa a samu man shanu, kalmar ma ƴar uwar smetana ce ta mutanen Cek da ke maƙwabtaka da su. Wai da can sun yarda mayu ne ke rikiɗa su zama malam-buɗe-littafi su shiga su sha madarar mutane, har a wasu garuruwan ana ce masa ɓarawon madara. Na yi dariya har da hawaye, na ce mata mayunku masu sauƙin kai ne, namu kurwa suke kamawa. Ban san ko ta gane ba, da hannu na ƙarasa rabin zancen. Ana ganin butterfly na Ingilishi ma da man shanun yake da alaƙa.

Da na fara makarantar koyon harshe, awa 600 ne sai ƙarin 100 na sanin ƙasa, malamarmu ta sa kowa ya faɗi sunansa da yarensu. Ƴar Siriya ta ce farasha, Baturke ya ce kelebek, wata daga Kolombiya ta ce mariposa, kuma wai ana cewa daga waƙar yara ya samo, Mariya sauko ki zauna. Nan na ji daɗi, ashe ba mu kaɗai ke yi wa ƙwaro magana ba. Da aka zo kaina na faɗi nawa aka ce in maimaita, sannan na harhaɗa Jamusancina na fassara, Lehrer, mach das Buch auf. Aji ya kwashe da dariya, malamar ta ɗauki littafinta ta buɗe ta ce toh gashi. Jimlar farko kenan da na yi a bainar jama'a ban sarƙe ba, kuma ni dai har yau ina ganin namu ya fi na kowa, son kai ne ko ba son kai ba.

Tsohuwar ta kuma nuna min wani a littafinta, Distelfalter, ruwan lemo da ɗigon baƙi da fari, shi baya iya hunturun nan sam, da kaka yake ƙetare teku da Sahara, masu bincike sun same su da yawa a Chadi da Benin, sannan jikokinsu su dawo Turai wajen Mayu da Yuni. Na daɗe ina kallon hoton, don wlh kaman na san shi a bakin rijiyarmu.

A ƙarshen Maris rana ta fito, ta buga min ƙofa da sandarta muka sauka tare. Kwalin ba komai a ciki, ƴar tagar Keller ɗin a buɗe, ita ta buɗe ta tun sati ɗaya baya. Muna hawowa take ta gwada sunan, malam bude, malam bude, ɗ ɗin ya ƙi fita, na ce mata ta bari sai mun zauna shan kofi.