Na kai Kawu ya ga raƙuman dawa a Kure

Kawu ya zo Yamai daga Tawa a watan Janairu na 2019 don a duba masa ido. Likita ya ce a dawo bayan kwana goma, shi kuwa mutum ne da bai iya zaman gida ba. A dare na uku muna shan shayi a tsakar gida, sai ya ɗauko labarin samartakarsa, lokacin da yake kora shanu zuwa wajen Dakwaro. Ya ce da idonsa ya ga raƙuman dawa a dajin Gadabeji, suna tafe cikin ƙurar yamma. "Sun ƙare, ɗana. Fari da bindiga sun cinye su." Na ce masa akwai saura, kuma tafiyar awa ɗaya ce daga nan. Ya dube ni kamar mai sauraron tatsuniya.

Ran Asabar bayan sallar asuba muka ɗauki hanyar Doso. Kure na da nisan kilomita 60 daga Yamai, a kan hanyar da motar Tawa take bi, wato Kawu ya sha wucewa ta wurin yana gyangyaɗi. Tun kafin mu bar gari muka fara cin karo da itacen girki: tsofaffin manyan motoci da lodi ya karkata su, amalanken jakuna, raƙuma da dami hagu da dama, duk sun nufo birni. A lokacin ban ba abin muhimmanci ba.

A bakin kwalta akwai rumfar masu jagora. Muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da wani Bazabarme mai Hausa tar. Da ya gaida Kawu, sai ya ce: "Baba, sai kun yi haƙuri da rairayi, yanzu sun gangara kwari." A hanya ya yi mana bayani. Da damina dabbobin suna zama a kan tudu, cikin dajin geza da sabara da ke tsirowa jeri-jeri, layin itatuwa, sai faƙo, sai wani layin. Ruwan da ya sauka a kan faƙon shi ke gangarawa ya shayar da itatuwan. Idan rani ya shigo sai su sauka Dallol Boso, kwarin wani tsohon kogi, saboda gawo. Duk manomi ya san halin gawo: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar lokacin da komai ya bushe.

Mun yi kusan minti arba'in muna ratsa gonakin hatsi da aka girbe, jagora na leƙe ta taga, kafin ya ce a tsaya. Da farko ban ga komai ba sai itatuwa. Can sai wani reshe ya motsa, ashe wuya ne. Bakwai ne, har da ɗan ƙarami da bai daɗe da zuwa duniya ba, amma ya riga ya fi ni tsawo. Jikinsu fari-fari ne da zane ruwan ƙasa mai haske. Babbar cikinsu ta miƙa dogon harshenta mai duhu tana zaro ganye daga tsakanin ƙayoyi a natse, ta dube mu sau ɗaya, ta ci gaba da abinta. Muka matsa da ƙafa har muna jin ƙarar taunarsu. Kawu ya tsaya cak, ya dafa kafaɗata. Idonsa ɗaya ne ke gani sosai, da shi ya ƙura musu. Ban ji abin da ya ce ba sai "Allahu akbar", sau uku, a hankali.

Wata mata ta zo wucewa da jakinta ɗauke da jarkokin ruwa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Babu shinge a Kure, babu waya. Dabbobin suna rayuwa ne a gonakin mutane, tsakanin rumbuna da rijiyoyi. Irin wannan raƙumin dawa a da ya bazu tun daga Senegal har tafkin Chadi, yau kuwa a Nijar kaɗai ya rage. A 1996 kusan 50 aka ƙirga. Lokacin da muka je sun haura 600, kuma da tagazawar talakawan waɗannan ƙauyuka aka kai haka, domin mace sai ta yi wata 15 da ciki kafin ta haifi ɗa guda, ba a gaggawa da irin wannan dabba.

Zaman ba ya rasa tsada. Wani dattijo da muka tarar a gindin bishiya ya ce sun sha cinye masa wake, mangwaro kuwa ba ya kai ga nuna. Kawu, da yake manomi ne, ya jinjina kai: "Malam, haƙurinku ya hi namu." A lokacin akwai ƙungiyoyi da ke gina rijiyoyi da ba mata ƙaramin rance don a rage zafi, kuma kuɗin baƙi na shiga aljihun masu jagora. Duk da haka a ganina wanda aka ci wa wake shi ke biyan mafi yawa, mu mutanen birni mu zo mu ɗauki hoto mu koma.

A hanyar dawowa jagora ya bi da mu ta kan tudu, ya nuna mana kututture bayan kututture inda a da geza ta yi duhu. Sai motocin safe suka faɗo mini a rai. Tuwon da muka ci daren jiya da irin wannan itace aka dafa shi. Dajin da ba na kowa ba, kowa na ɗiba, kuma idan layin itatuwan ya tafi, ruwa ya kwashe ƙasa, faƙo ne zai rage. Mun ga irinsa a cikin Yamai ma: dajin bedi da aka fara dasawa a 1965 don ya kare birni daga iska da ƙura, ana ta yanka shi fuloti-fuloti. Wannan ya fi mafarauci ba ni tsoro, don mafarauci ana iya kama shi, mai sayen itacen kuwa ni ne.

Jagoran ne ya ba Kawu labarin da ya fi faranta masa rai. Wata biyu kafin zuwanmu, a Nuwamban 2018, an ɗauki takwas daga nan a mota, aka yi tafiyar kusan kilomita 800 da su, aka sake su a Gadabeji, inda aka yi shekaru kusan hamsin ba a ga irinsu ba. Kawu ya sa aka maimaita masa sau biyu.

Na yi masa alkawarin in ya sake zuwa zan kai shi gandun dajin W, ta Say da Tamu har Tapowa, ya ga giwa da ɓauna. Gandun ya samo sunansa daga lanƙwasar kogin Kwara, mun haɗa shi da Benin da Burkina Faso, an kafa shi a 1954, UNESCO ta sa ɓangarenmu cikin kayan gadon duniya a 1996. Alkawarin bai cika ba, rashin tsaro ya rufe hanyar. Kure ma ba ta tsira ba: ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da jagora ɗaya. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin masu jagora ya yanke. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ranar da Kawu zai koma Tawa, bayan an yi masa aikin ido, ya dage sai an ba shi kujerar taga. Da suka isa Doso ya kira ni. Ya ce bai ga ko ɗaya ba, amma bai runtsa ba tun daga Yamai, kuma ya gaya wa duk mutanen motar su riƙa duba wajen gawo.