Abin da aiki ya koya mini game da maganin natsar da jariri a lokacin sanyaya jiki

Jaririn da ya sha wuya wajen haihuwa har iskar oksijin ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa, in dai ya kai mako 36 a ciki, ana sauke zafin jikinsa, don kare ƙwaƙwalwar, zuwa digiri 33.5 na tsawon awa 72, kuma a fara kafin ya cika awa 6 a duniya. Wannan duk mai aiki a sashen jarirai ya haddace shi. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna mini shi ne yadda maganin da muke ba shi don ya natsu yake canza hali a jikin da ya yi sanyi.

Ba da maganin kam ya zama dole. Jaririn da ke kan shimfiɗar sanyi yakan yi ta makyarkyata, ita kuwa makyarkyata ƙarfi take ci, tana kuma ɗaga zafin da ake ƙoƙarin saukewa. Tun a 2001 Marianne Thoresen da abokan aikinta suka nuna a kan jariran aladu cewa sanyin da ba a haɗa shi da maganin natsuwa ba bai kare ƙwaƙwalwa ba.

Mofin, maganin kashe raɗaɗi, shi aka fi amfani da shi, a nan ne kuma aikin yake. Hanta ce ke sarrafa shi, ta mai da shi sinadarai biyu, M3G da M6G, sannan ƙoda ta fitar da su ta fitsari. Shi M6G ba shara ba ne kawai, yana aiki irin na mofin ɗin. Da jiki ya yi sanyi sai hanta ta rage hanzari, bugun zuciya ya sauka zuwa wajen 80 ko 100 a minti, jinin da ke isa hanta da ƙoda ya ragu. Injin ƙarin ruwa kuwa bai san da wannan ba, zuba nasa kawai yake yi. Binciken Róka da abokan aikinsa a Hangari a 2008 ya gano cewa mofin na taruwa sosai a jinin jariran da aka sanyaya, musamman in an wuce maikrogiram 10 ga kowane kilo a awa guda.

Sai dai ɗora wa sanyi laifin duka kuskure ne. Lokacin da iska ta yanke, jiki yakan karkatar da jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya bar hanta da ƙoda da ƙishi, don haka da rauninsu suke shigowa tun kafin a kunna na'ura. Shi ya sa nake fara duba yawan fitsarin da aka auna kafin in dubi adadin maganin da ke rubuce a takarda. In fitsari ya ja baya, na san maganin jiya yana nan bai tafi ba.

Midazolam, wani maganin natsuwar, nasa halin daban. Yana iya sauke ƙarfin bugun jini, ga shi binciken PharmaCool na ƙasar Holan ya nuna cewa fenobabital, wanda ake bayarwa don jijjiga, yana sa hanta ta fitar da midazolam da sauri. Deksmedetomidin, shi ma maganin natsuwa, bai cika danne numfashi ba, amma yana ƙara rage bugun zuciyar da sanyi ya riga ya rage.

Wurin da abin ya fi damuna shi ne rana ta 3. Ga jariri laƙwas, ba ya tsotso, numfashi sai da taimakon inji. Raunin ƙwaƙwalwa ne ko mofin ne ya taru? Iyaye na tsaye suna jiran magana, kuma abin da aka faɗa musu a ranar ba ya gogewa. A ganina gara a rage maganin tun da wuri gwargwadon yadda jaririn ke nuna jin daɗi ko wahala, a dogara da hoton ƙwaƙwalwa na MRI da na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa, a jinkirta yanke hukunci. Ɗumamawa ma a hankali ake yin ta, rabin digiri a awa, kuma a lokacin jijjiga kan iya dawowa, ƙarfin jini ya faɗi, alhali sauran maganin bai gama fita daga jiki ba.