Allunan da ke nuna hanya, kamar yadda na koye su

Lokacin da nake koyon mota a Kano, alamomin hani da na gargaɗi ba su wahalar da ni ba. Mai zagaye da jan baki hani ce, mai zagaye shuɗiya tilas ce, mai kusurwa uku gargaɗi ce. Haka suke a littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra, kuma yaron firamare ma zai haddace su. Waɗanda suka ɗauke ni lokaci su ne masu kusurwa huɗu, kore ko shuɗi, waɗanda ba sa hana ka komai, ba sa tilasta maka komai, labari kawai suke ba ka: ga hanyar gari kaza, ga asibiti, ga gidan mai, ga wurin tsayawa. Da yake babu jami'in da zai tare ka don ba ka karanta su ba, yawancin masu koyo ba sa ɗaukar su da muhimmanci.

Mai koya mini dattijo ne da ya daɗe yana jan motar haya kafin ya koma koyarwa. Idan mun hau titi sai ya ce, "Malam, karanta mini allon can da ƙarfi." Tilas in faɗi abu uku a jere: hoton da ke jiki, inda kibiya ta nuna, da lambar da ke ƙasa. Harafin H asibiti ne, P wurin fakin, famfon mai gidan mai, sifana bakanike, gado masauki, cokali da wuƙa wurin cin abinci. Akwai kuma ƙaramin harafin i, wanda ke nufin wurin da matafiyi zai tsaya ya sami bayani, ko ofishi ko allon taswira a gefen hanya. Wannan na fi ganinsa a littafi da filin jirgi fiye da kan titunanmu, amma wanda zai tuƙa mota a wata ƙasa zai riƙa cin karo da shi.

Kibiyar ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Wadda ta miƙe sama tana cewa ka ci gaba, abin yana gaba. Wadda ta karkata sama ta dama tana nuna wata hanya za ta ɓalle daga babban titi, sai ka fara matsawa. Wadda ta kwanta sosai tana nuni gefe, to ka iso, nan ne kwanar. Allon da ke ɗauke da lamba kuwa sanarwa ce tun daga nesa, ba wurin ba ne. Wani sabon direba yana ganin hoton gidan mai sai ya taka birki a gindin allon, alhali an rubuta saura mita 500, ga tirela a bayansa.

A nan malamin nawa ya sa ni lissafi, kuma lissafin ne ya canja mini tuƙi. A babban titi mai tagwaye, iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 100 ne a awa. Wannan kusan mita 28 ke nan a kowace daƙiƙa. Allon da ya ce saura mita 500 daƙiƙa 18 kacal ya ba ka. A cikinsu za ka yanke shawara, ka duba madubin tsakiya da na gefe, ka sa sigina, ka koma hannun dama, sannan ka rage gudu. A cikin gari, inda iyakar take kilomita 50, kana da ninkin wannan lokacin, sai dai 'yan adaidaita sahu za su cinye maka rabinsa. "Malam," in ji shi, "a allo ake kwana, ba a kwana ba. In ka iso bakin kwanar kana tunani, ka makara."

Ranar da muka fita hanyar Zariya na ga abin da yake nufi. A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Jos ta rabu, akwai motoci a tsaye, masu talla, da mutane masu tsallaka titi. Wanda bai shirya tun daga baya ba, a tsakiyar wannan cunkoso zai fara neman hanya. Kuma idan ka wuce kwanarka, ka wuce ke nan. Ba ribas, ba hawa hannun da ba naka ba. Ka je gaba inda aka ware wurin juyawa ka dawo. Man da za ka ƙona bai kai kuɗin gyaran bamba ba.

Dole in faɗi wata gaskiya: allunanmu ba duka ake iya dogara da su ba. Wasu rana ta cinye fentinsu, wasu an lulluɓe su da fastocin 'yan siyasa, wasu kuma 'yan gwangwan sun yi gaba da su. Shi ya sa har yanzu mai shayi da mai faci ne ofishin bayanin matafiyi a ƙasar nan, matambayi kuma ba ya ɓata. Amma tambayar ma da ƙa'idarta. Ba a sauke gilashi a tsakiyar titi ana ƙwala wa mutane kira. Ka sa sigina, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, nesa da kwana da gada da kan tudu, ka yi sallama, sannan ka tambaya. Haka nake yi in zan duba taswirar waya. Lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma na ajiye ta a wayar, don hanyoyin da za ka yi tafiya mai nisa ba allo ba mutum.