Kafin ka buɗe GDB, ka fara tambayar Git

"Makon jiya tana aiki, yau ta ƙi." Wannan shi ne ƙorafin da ya fi yawan zuwa mini a kan manhaja a wurin aiki, kuma na lura da yawanmu da zarar sun ji shi sai su buɗe GDB, wato kayan binciken kuskure a cikin kod, ko makamancinsa na cikin manhajar rubuta kod ta VS Code, su dasa wuraren tsayawa, su kama bin kod layi bayan layi. A ƙaramar manhaja ba laifi. Amma a wadda mutum goma ko fiye suke sa wa hannu shekara da shekaru, wannan allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Ni abin da nake fara tambaya shi ne: yaushe ta lalace? Amsar tana wurin Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk sauye-sauyen da aka yi wa kod. Ka ce masa git bisect start, ka nuna masa sigar da ka tabbata tana aiki da wadda ta lalace, sai ya ajiye ka a tsakiya ka gwada. Ka ce good ko bad, ya sake raba ragowar biyu. Sauye-sauye 1,000 a tsakani ba za su ci maka fiye da gwaji 10 ba, tunda biyu sau biyu har sau goma ya kai 1,024. Idan ma kana da ɗan gwajin da ke nuna matsalar da kansa, git bisect run zai yi aikin duka kana shan shayi: gwajin ya dawo da 0 an wuce lafiya, ya dawo da 125 a tsallake wannan sigar, ya dawo da 1 an samu matsala.

Sharaɗinsa ɗaya ne, tarihin ya kasance mai tsabta. Masu tara aikin mako guda, fayil arba'in, su tura shi a dunƙule da taken "gyare-gyare", Allah Ya shirye ku. Git zai nuna mini dunƙulen naku daidai, sai dai ban ƙaru da komai ba.

Inda abin ya fi daɗin magana shi ne kurakuran memori, wato wurin da manhaja ke ajiye bayanai tana cikin aiki, a yarukan kod na C da C++. Halinsu shi ne ba sa fashewa a inda aka yi ɓarnar. Wani ya rubuta ya zarce iyakar wurin da aka ware masa, ko ya taɓa memorin da aka riga aka saki, manhaja ta ci gaba da tafiya kamar ba komai, sai can gaba ta faɗi a wani sashen da ba ruwansa. GDB zai kai ka inda ta faɗi ne kawai, ka ɓata yini kana tuhumar mara laifi.

Kaya biyu ake amfani da su a nan, kuma mutane suna ɗaukarsu abu ɗaya alhali ba haka ba ne. Valgrind, wanda Julian Seward ya fitar a 2002, ba ya buƙatar ka sake harhaɗa manhajar, wato mayar da kod ɗinta zuwa abin da inji ke gudanarwa, kana ɗora ta a kansa kawai. Kuɗinsa shi ne jinkiri, wajen ninki 20 zuwa 30. AddressSanitizer kuwa injiniyoyin Google ne suka gabatar da shi a 2012. Sai ka sake harhaɗawa da -fsanitize=address, shi kuma ya kewaye kowane yanki na memori da haramtaccen fili, da an taka ya tsayar da komai ya faɗa maka layin da ya taka, da inda aka ware yankin, da inda aka sake shi. Jinkirinsa kusan ninki biyu ne kacal. Saboda haka nake barinsa a kunne a duk gwaje-gwajenmu na kullum, ba na jira sai an shiga uku. Amma ban jefar da Valgrind ba, domin yana kama amfani da ƙimar da ba a taɓa sa mata komai ba, abin da AddressSanitizer ba ya gani. Shi kuma AddressSanitizer yana kama zarce iyaka a kan stack, wato ɓangaren memorin da ke riƙe ƙimomin wucin gadi na aikin da ke gudana, inda Valgrind yake makancewa.

Sai matsalar da ke zuwa sau ɗaya a gwaji ɗari. Ga ita ake da rr, wanda aka ƙirƙira a Mozilla saboda irin waɗannan kurakuran na Firefox. Kana ta naɗar gudun manhajar har ranar da ta faɗi, daga nan ka mallaki faɗuwar, kana maimaita ta yadda take duk lokacin da ka so, adireshin memori ma ba ya canzawa. Abin da ya fi burge ni shi ne tafiya da baya. Ka sa watch a kan ƙimar da ta lalace, ka buga reverse-continue, ya kai ka kan layin da ya rubuta ta. Yana da takura dai: a Linux yake aiki, kuma yana dogara da wasu ma'aunai na cikin farosesa waɗanda ba kowace sabar haya ce ke buɗe su ba. Ka gwada shi a injinka tun kafin buƙatar ta taso.

Ba raina GDB nake yi ba. Tun 1986 Richard Stallman ya rubuta shi, har yau kuma idan aka miƙo mini core, wato fayil ɗin da ke ɗauke da memorin manhajar da ta faɗi, umarnin bt nake fara bugawa don in ga hanyar da ta bi ta kai inda ta faɗi. Lokacinsa ne nake cewa sai ka san unguwar da za ka nema. Haka ma print, wato sa manhaja ta riƙa fitar da ƙimomi a allo tana cikin aiki, ba na jin kunyarsa ko kaɗan. Sai dai idan zare biyu ne, wato sassan manhaja biyu masu gudana a lokaci guda, ke rige-rigen taɓa abu ɗaya, ɗan jinkirin da print ke kawowa ya isa ya ɓoye matsalar, ka ɗauka ta warke. Wannan aikin ThreadSanitizer ne, ɗan'uwan AddressSanitizer mai kama rige-rigen zare.

Idan kuma manhajar ta kasu sabis-sabis a kan injuna daban-daban, tsayar da ɗaya don ka leƙa cikinsa yana sa sauran su gaji da jira su yanke, ka haifar da sabuwar matsala a kan ta farko. Abin da ke taimako shi ne kowace buƙata ta samu lambar shaida tun daga ƙofa, lambar ta bi ta duk inda ta shiga, ta fito a kowane layin log, wato rubutun da manhaja ke ajiyewa na abin da ta yi. OpenTelemetry, wanda ya samu daga haɗewar OpenTracing da OpenCensus a 2019, shi muke amfani da shi wajen bin sawun buƙatun. Ko da ba za ku ɗauki nauyinsa yanzu ba, ku sa lambar shaidar a log ɗinku, aikin yamma ɗaya ne.