Doka, gamba da tofa: abin da aikin daji ya koya mini

A aji an koya mana gwajin Gause, masanin nan ɗan Rasha. A 1934 ya haɗa iri biyu na Paramecium, wasu ƙananan halittun ruwa da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu sosai, a kwalba ɗaya, abincinsu ɗaya. Ba a jima ba ɗayan ya ƙare, ɗayan ya mamaye kwalbar. Wato halittu biyu masu buƙata iri ɗaya sak ba sa daɗewa a wuri guda. To amma wanda ya shiga daji ta wajen Afaka, kusa da Kaduna, da damina zai ga doka, maje, kaɗanya da ɗorawa, ga gamba a ƙarƙashinsu ta fi mutum tsayi, kuma duk ruwa da rana suke nema. Me ya hana ɗaya ya kore saura?

Da na fara aikin ƙidayar itatuwa na gane cewa ba kwano ɗaya suke ci ba. Saiwar gamba sama-sama take, ita ke shan ruwan farko, itace kuwa can ƙasa yake zura tasa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wuta. Idan aka ƙona daji da wuri, wajen Nuwamba, ciyawa da sauran danshi, wutar lasa kawai take yi. Tana rage gamba, ƙananan itatuwa su sami haske, doka kuma ta tofo da jan ganye mai sheƙi. Idan aka bari sai Maris, komai ya bushe ƙayau, wutar kan cinye 'ya'yan itatuwa ƙurmus. Shanun makiyaya ma, in ba su yi yawa ba, suna danne gamba, ƙananan tsirrai su sarara.

Inda aka sare itatuwa don gawayi, aka nome ƙasa har ta gaji, ana cinna wuta kowace shekara, tofa ke gaje wurin. Na durƙusa na tona: saiwoyinta farare ne, sun saƙe ƙasa, tsininsu na huda tafin ƙafa. Wuta ba ta kai musu, shi ya sa ita ke fara tofowa bayan gobara. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a irin wannan fili sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ɗan kaɗanya ko ɗaya da ya tsira ba.